Tafiyar da Tamotsu Mai Aski Ya Shirya

Tamotsu Negishi mai aski ne a Layin Yanagi, kuma bango ɗaya ne ya raba shagonsa da nawa. Ni Yaeko, awara nake yi nake sayarwa. Tun ina amarya na zo layin nan na tarar da shi tsaye a bayan kujerar da ubansa ya bar masa, kuma har na yi jikoki bai gusa daga wurin ba. Mutum ne siriri, marar magana, mai yawan rusunawa. Ko da kyanwa ya ci karo a bakin ƙofa sai ya ba ta haƙuri. Duk layin kallon salihi ake yi masa. Ni kaɗai na san abin da ke tafasa a cikinsa, don bangonmu ba shi da kauri.

Ɗa guda suka haifa da matarsa Sumie, sunansa Noboru. Yaron ya gaji hannun uban, har ma ya ɗara shi. Ya tafi Yokohama koyon askin zamani, ya dawo da gwaninta, ya kuma dawo da ɗan zanen tsuntsu a damtse, irin na allura da tawada wanda ba ya goguwa. Tsuntsun bai fi tafin jariri ba. Wautar ƙuruciya ce kawai, amma kowa ya san abin da zane a fata ke nufi a wurinmu: ɗan daba, ɗan yakuza, wanda ko gidan wankan jama'a ba ya karɓar sa.

Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu a lokacin, kuma har bayan nan da daɗewa, shi ne Ogiwara mai shagon kimono, tufafinmu na gargajiya. Ba ɗan layin ba ne. Daga wani wuri can kudu ya zo, ya auri 'yar mai shagon, ya ɗauki sunan gidansu, ya zauna daram. Amma in ka ji shi yana maganar al'ada da mutuncin layi, sai ka rantse kakansa ne ya dasa itatuwan bakin titi. Kullum cikin doguwar riga mai dogon hannu, wuya a rufe, ko da zafi na narkar da kwalta. Wai fatarsa ba ta son rana.

Ranar bikin bazara na shekarar da Noboru ya dawo, samari suka tuɓe riguna suka shiga ƙarƙashin mikoshi, ɗan ɗakin abin bautar unguwa da ake sungumar sa a kafaɗa a zaga da shi. Ganga na tashi, mata na tafi. Sai Ogiwara ya ɗaga mafici, ganga ta yi tsit.

"Kai, ɗan mai aski. Fito daga nan."

"Ni, Shugaba?" in ji Noboru.

"Akwai wani mai ƙazanta a hannu ne bayan kai? Ubangijin unguwa ba ya hawa kafaɗar 'yan daba. Fito na ce!"

Yaron ya fito a gaban uwarsa da ubansa da yarinyar da yake nema. Kafin watan ya ƙare Ogiwara ya kawo doka a taron ƙungiya: duk mai zane a jiki ba zai riƙe shago a Layin Yanagi ba, ba zai yi aiki a ciki ba. Maza suka sunkuyar da kai kamar tumaki, aka ce an amince. Mijina, wanda shi ma ya sunkuyar, ya sha baƙar magana a wurina har miyarsa ta huce. Amma doka ta riga ta zauna. Noboru ya haɗa kayansa ya koma Yokohama, ya ci gaba da aski a shagon wasu.

Sumie ba ta ƙara zama daidai ba. Ta yi ta rama a hankali, shekara bayan shekara, har ta kwanta. Ranar da ta rasu, Ogiwara ya zo da kansa ya yi ta'aziyya mai kyau, ya kunna turare, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Da zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a hankali, in Noboru zai zo, zai fi kyau ya bi ta baya, saboda idon mutane. Noboru ya zo jana'izar uwarsa ta lungun da nake jera bokitan dusar wake. Ni na janye masa su ya wuce. Har yau in na tuna sai na ji hannuna na ƙaiƙayi.

Kuma duk wata, kamar ba a yi komai ba, Ogiwara zai zo ya baje a kujerar Tamotsu a yi masa gyaran fuska. Wata rana da ya fita na kasa daurewa, na faɗa shagon da ludayi a hannu.

"Tamo-san, kai wane irin mutum ne? Aska a hannunka, maƙogwaronsa a gabanka, kai kuma kana tambayarsa ko tawul ya yi masa zafi?"

Ya ci gaba da wasa askarsa a jikin fatar wasa aska. "Me kike so in yi, Yae-chan? In ɓata kujerar Baba da jini?"

"Ko kunne ɗaya ka ɗan gutsire masa!"

"Kunne warkewa yake yi," in ji shi.

Shekaru suka yi ta tafiya, har hannun Tamotsu ya fara rawa. Da farko yana ɓoyewa, sai ya dafa kafaɗar wanda yake yi wa aski kamar yana gyara masa zama. Daga baya ya yanki wani tsoho a haɓa, ya kulle shago da rana tsaka, ya zauna yana kallon yatsunsa. Abin a fili yake: in Noboru bai dawo ya karɓi kujerar nan ba, shagon Negishi ya mutu. Ya buga masa waya, ina ji ta bango. Noboru ya ce muddin dokar nan na nan, ƙafarsa ba za ta taka layin ba.

A shekarar ne zagayen shirya tafiya ya zo kan Tamotsu. Duk shekara ƙungiya kan yi tafiyar shaƙatawa, kuma shago-shago ake bi, kowa da shekararsa ta zama mai shiri. Ba wanda ke son aikin. Yawanci a kai mu maɓuɓɓugar ruwan zafin da aka saba, maza su shiga wanka tare, su sha giya, su ɓata mana kunne da waƙa. Shugaba kuwa kullum ranar wanka mura ke kama shi, sai ya zauna a ɗaki yana shan shayi. Mun saba har mun daina lura.

Tamotsu ya ɗauki aikin kamar wanda zai rubuta jarrabawa. Ya ɗebo littattafan tarihi, ya shimfiɗa taswira a kan teburin almakashi. Duk ranar hutun masu aski sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi duba hanya da ƙafarsa, kamar yadda mai shiri na ƙwarai ke yi: ina matakala ta yi wa tsofaffi yawa, ina banɗaki, wane masauki ne miyarsa ba ta cika gishiri ba. Mutane suka ce kaɗaici ne ya sa shi neman abin yi. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da ya shigo mini da safe ya ce in ara masa ƙyallen da nake tace awara.

Ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya rufe ta da farin ƙyallen. "Me kike gani?"

"Ƙyallena nake gani, kuma ina da aiki da shi."

Ya ɗebi ruwa a kofi ya zuba. Nan take rubutun jaridar ya fito ɓaro-ɓaro, har da hoton wani ɗan kokawa.

"To, sai me? Ka tsufa kana wasa da ruwa?"

Ya zauna a kan buhun wake ya ba ni labari. Tun Ogiwara na sabon ango, tun Noboru na rarrafe, wata rana yana wanke wa Ogiwara kai sai ruwa ya kuɓuce ya jiƙa masa farar riga ta baya. Abin da ya fito ta cikin rigar, zanen ɓawon kifi ne shuɗi da ja, daga gindin wuya zuwa inda ido bai kai ba. Tamotsu ya yi maza ya yafa masa tawul, ya ba da haƙuri, bai nuna ya ga komai ba. Ubansa ya hore shi tun yana yaro cewa abin da mai aski ya gani a ƙeyar mutum, a shago yake kwana.

"Ni na rufa masa asiri da tawul ɗina," in ji shi. "Shi kuma ya tsayar da ganga ya tona ɗana."

"Kai, amma kai mugun shiru gare ka! Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

"Wa zai yarda da uban mai laifi? Kuma na yi wa Baba alkawari bakina ba zai faɗa ba. Ba zai faɗa ba ɗin." Ya ɗaga jiƙaƙƙen ƙyallen yana ɗiga. "Ruwa ne zai faɗa."

Ashe a yawon duba hanyarsa ya gano wani haikali a kan dutse, can bayan Nara, inda baƙi ke shiga ƙarƙashin mafaɗar ruwa su tsaya su yi addu'ar tsarkake zuciya. Har ya gwada da kansa. Ya zana wa kafaɗarsa da'ira da alƙalami, ya sa farar rigar da suke bayarwa, ya shiga, ya roƙi wani baƙo ya ɗauke shi hoto ta baya. Na ga hoton. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, kuma ba dariyar kirki ba ce.

A taron ƙungiya ya karanto shirinsa cikin ladabi: fadar Himeji, haikalan Kyoto, babban gunkin Buddha na Nara, sai rana ta ƙarshe a kan dutsen. Ogiwara na ta gyaɗa kai, don irin tafiyar da yake so ke nan, wadda zai samu damar yi mana lacca.

"Shiga ruwan kuwa na masu sauran ƙarfi ne," in ji Tamotsu, idonsa a ƙasa. "Shugaba, da shekarunka, na tanadar maka benci. Sai ka zauna da mata ka riƙe mana jakunkuna."

Kikuchi mai kifi, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya kece da dariya. "Shi ke nan, Shugaba, ni ma ka riƙe mini laima!"

Fuskar Ogiwara ta yi ja. Ya yi gyaran murya. "Shi wannan ruwan, tuɓewa ake yi?"

"A'a, haba. Ai wurin ibada ne. Farar riga suke bayarwa, daga wuya har gwiwa, mai dogon hannu. Kowa da ɗan ɗakinsa na canja kaya."

Na ga kafaɗun mutumin sun sauka. Ya buɗe mafici ya ce, tun da aka kafa ƙungiyar nan shugaba ne ke shiga gaba a komai, kuma ba a kansa za a fara sauya al'ada ba. Tamotsu ya rusuna ya ce ya yi kuskure, a gafarce shi. Ni kuwa sai da na ciji hannun rigata don kada dariya ta ƙwace mini.

Tafiya ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Tamotsu na gaba da 'yar tuta, bai manta da maganin kowa ba, bai bar kowa a baya ba. A Himeji Ogiwara ya yi mana bayanin ramukan harba kibiya har gwiwoyina suka fara kuka. A Kyoto ya tsawata wa wasu 'yan mata baƙi kan ɗaga murya, ya ce mutanen yanzu ba su san kunya ba. A Nara barewa ta cinye masa rabin taswira, Kikuchi ya ce ita ma tarihi take son koya. Duk inda ya buɗe baki sai in kalli Tamotsu, shi kuma sai ya kalli tutarsa.

Ranar ƙarshe muka hau dutsen da hantsi. Ruwan na zubowa daga sama da ƙara, ga wani dakali na dutse a ƙarƙashinsa. Malamin haikalin ya nuna yadda ake yi: ka shiga, ka fuskanci dutsen, ka haɗa tafuka, ka ba wa mutane baya. Mu mata muka zauna a benci. Ogiwara ya fito fari fat, ya ɗaure ɗamara, yana taku kamar mai shirin karɓar lambar yabo. Ya rusuna, ya shiga.

Ruwa ya sauka a kansa, rigar ta manne. Sai ga zane yana fitowa ta cikinta a hankali, daga kafaɗa zuwa ƙugu: wani ƙaton kifi shuɗi mai jan ciki, baki buɗe, yana haurawa sama cikin igiyar ruwa, furanni kewaye da shi har zuwa gwiwar hannu. Ba ɗan tsuntsu ba. Wannan aikin shekaru ne, irin wanda ba a yi wa mutum sai ya ci ya sha da manyan 'yan daba. Shi kuwa yana tsaye, ido rufe, yana rafka addu'a da ƙarfi don a ji.

Na juyo ina jiran ihu. Kun san abin da mutanen Layin Yanagi suka yi? Mai sayar da shayi ya ɗaga kai ya ce, kai, itatuwan nan sun yi kore. Mai gyaran agogo ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Matar Ogiwara ta buɗe jaka ta tura kanta ciki. Har Kikuchi, Kikuchi fa, ya tsura wa wani tururuwa ido. Kowa ya gani, kowa ya zama makaho.

Ogiwara ya fito yana huci, yana murmushi. Ya ga ba mai kallonsa. Ya sunkuya ya dubi hannunsa, ya ga furanni ta cikin riga. Murmushin ya daskare. Tamotsu ne ya taka ya je, ya yafa masa tawul a kafaɗa, kamar yadda ya yi shekarun baya.

"Ruwan ya yi sanyi, Shugaba?" in ji shi.

A mota aka yi waƙa, aka raba lemo, aka yi ta yaba shirin tafiya. Ba wanda ya ce uffan kan kifin. Da muka iso gida na ji Tamotsu ta bango yana jifa da kwanonin kumfa. Na shiga na same shi yana huci.

"Kin gan su? Kin gan su, Yae-chan? Tsuntsun ɗana suka gani daga nesa, amma kifi kamar ƙofa ba su gani ba!"

"Sun gani," na ce masa. "Ka bari shirun ya dafa shi."

Ya kuwa dahu. Ba wanda ya yi wa Ogiwara rashin kunya, gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, rusunawa ta ƙara zurfi. Sai dai duk sanda ya gifta, Kikuchi zai ɗaga murya ya ce, "Shugaba, yau akwai babban kifi, in ajiye maka?" Mutumin ya rame, ya daina fitowa share ƙofar shago.

A taro na gaba, bayan an gama maganar fitilun titi, Ogiwara ya ce, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, akwai wata tsohuwar doka kan zanen jiki da zamani ya wuce ta, yana ganin a soke. Maza suka fara gyaɗa kai da sauri, kowa na son a wuce wurin. Sai Tamotsu ya miƙe. Tun da nake, ban taɓa ganin ya yi magana a taro ba tare da an kira shi ba.

"Ku gafarce ni. Ni ina ganin dokar nan mai kyau ce. Shugaba ne ya kawo ta don mutuncin layi. A bar ta." Ya rusuna. "A kuma bi ta, a kan kowa."

Gumi ya karyo wa Ogiwara. Shago, suna, gidan surukai, duk abin da ya gina yana rataye a bakin mai askin da ya raina.

"Negishi-san," in ji shi da ƙyar, "me kake so?"

"Ni? Ba komai. Matata ta mutu tana kallon ƙofar gaba. Wanda ya ce ɗanta ya bi ta baya, shi zai je ya shigo da shi ta gaba. Ranar nan sai a soke doka."

Ogiwara ya je Yokohama. Abin da ya faɗa wa Noboru a can, ba wanda ya sani. Abin da muka gani shi ne wata Lahadi da rana tsaka, layi cike da masu cefane, ga Noboru tafe daga tasha cikin riga mai gajeren hannu, furfura ta fara fito masa, tsuntsunsa a waje. A bayansa ga Shugaba ɗauke da jakar kayan askinsa. A ranar ba wanda ya kalli itatuwa. Ni ma na fito da kujera.

Yanzu Noboru ke riƙe da aska. Tamotsu ya ɗauko hoton Sumie daga wurin da ake kunna mata turare, ya kafa shi a jikin madubi, daidai inda idon mai zama a kujera ke sauka. Ogiwara bai daina zuwa ba, don in ya daina, layi zai san dalili. Duk wata sai ya zo ya kwanta, hannu mai tsuntsu ya bi maƙogwaronsa da aska, Sumie na kallonsa.

Aiki ɗaya Tamotsu ya riƙe wa kansa, kuma ba ya barin kowa ya taɓa. In an zo wanke kai, sai ya taso daga kusurwa da hannunsa mai rawa, ya murɗa famfo, ya sunkuya daidai kunnen mutumin.

"Ruwan ya yi sanyi, Shugaba?"